Daren da Inuwarmu Ta Hau Wata



Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ba mu taɓa ganin gaskiyar wannan magana ƙuru-ƙuru ba kamar ranar Juma'a, 27 ga watan Yuli na shekarar 2018, wadda ta zo daidai da tsakiyar watan Zulƙida na 1439. Tun da jimawa masana taurari suka sanya wannan rana, suka ce da dare wata zai yi husufi gaba ɗayansa, suka faɗi sa'a, suka faɗi minti, suka kuma ƙara da cewa zai daɗe cikin duhu har sa'a ɗaya da minti 43, abin da babu wani husufin wata da zai kai shi tsawo a duk wannan ƙarni da muke ciki. Gidajen rediyo suka yi ta nanatawa da Hausa da Fulatanci da Faransanci. Wasu suka gaskata, wasu suka ce bari dai mu gani.

Mu kuwa abin da ya tashe mu daga unguwar Hausare a Garwa zuwa Ngong a wannan rana, saƙo ne daga Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana awon hatsi a kasuwar garin. A lokacin ya haura shekara saba'in, yana kuma ta fara rufe masa idanu biyu, har ya zamana ba ya gane mutum sai ya yi magana. Ga abin da ya aiko a gaya mana: "Ku ce wa 'ya'yan nan masu na'ura, in gaskiya ne abin da rediyo ke faɗa, su zo su kama mini shi a takarda. Tun ina yaro ban taɓa barin zazzaɓin wata ya wuce ni ba, amma yanzu idona ba ya kai wa sama."

Babu ɗayanmu da ke sana'ar hoto. Mu huɗu ne: malamin makaranta, tela, ɗan kasuwa, da ƙaninmu ɗalibi, wanda shi ne ya aro kyamara mai dogon gilashi da ƙafarta mai rassa uku daga wurin wani abokinsa mai ɗaukar hotunan biki. Da wannan ɗan guzuri muka shiga mota bayan an sauko daga masallacin Juma'a.

Hanyar Ngong

Wanda zai je Ngong daga Garwa sai ya ba duwatsun Tengelin baya, ya haye gadar kogin Binuwai, ya miƙi babbar hanyar da ta nufi Ngaundare. Tafiyar wajen kilomita arba'in ce. A ƙarshen Yuli kogin ya cika, ruwansa ya yi jajir da laka, tsibiran yashin da ake gani da rani duk sun nutse. Da zarar an bar gari, ido ba ya faɗawa kan komai sai kore: masara ta kai ƙugu, gyaɗa ta shimfiɗu, auduga ta yi layi-layi, ga itatuwan kaɗanya da ɗorawa tsaye jefi-jefi a tsakiyar gonaki. Sai dai mu ba ƙasa muke duba ba. Kowa ya leƙa ta taga sama yake kallo, domin damina ce, kuma ko yaro a ƙasar nan ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, ita ce kuwa nahiyar da wata zai fito.

Ngong gari ne da hanya da noma suka raya. Shi ne mazaunin hukumar gundumar Ceboa, a kusa da shi ne kuma hanyar Lagdo ta rabu, inda aka datse Binuwai da babbar madatsar da aka kammala a 1982. Tun daga shekarun 1970 jama'a suka riƙa gangarowa daga arewa mai nisa, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, suna neman gona a wannan kwari: Mafa, da Tupuri, da Giziga, da Mundang, suka tarar da Fulani da Hausawa da sauran mazauna. Kamfanin auduga na Sodecoton yana da masana'antar gurzar auduga a garin. Kasuwarsa ta hatsi da dabbobi sananniya ce a duk arewacin Kamaru. Daga nan manyan motoci ke lodin masara da gyaɗa zuwa kudu. A cikin rumfa ɗaya sai ka ji harshe huɗu ko biyar, amma in ciniki ya yi zafi Fulatanci ake komawa.

A bakin hanya motar ta ajiye mu ta wuce. Sai da ta ɓace wa gani sannan ƙaninmu ya dafe kai. Jakar kyamara tana rataye a wuyansa, amma ƙafar nan mai rassa uku tana can ƙarƙashin kujera, ta kama hanyar Ngaundare. Wanda bai san aikin ba zai ce abu kaɗan ne. Amma hoton wata mai husufi ba ya ɗaukuwa a hannu, domin ko bugun zuciyar mai riƙe da kyamara ya isa ya ɓata shi. Haka muka shiga gidan Baffa jiki a sanyaye.

Fitila, ƙwarya da lemo

Bayan gaisuwa da tambayar mutanen Garwa ɗaya bayan ɗaya, Goggo ta kawo mana fura, muka faɗa wa Baffa abin da ya faru. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, kakanninka sun yi shekaru suna girki a kan duwatsu uku ba su aro na kowa ba. Ku duba cikin gidan nan, ba za ku rasa abin da ba ya motsi ba." Goggo ce ta warware matsalar. Ta sa aka mirgino babban turminta, aka kife shi a bakin gona bayan gida, ta kuma ba mu ɗan ƙaramin buhu mai ragowar gyaɗar iri. Muka ɗora buhun a gindin turmi, muka nutsa kyamara a cikinsa, sai ga ta zaune daram, ana iya ɗaga bakinta ko a sunkuyar yadda ake so. Daga baya muka ji cewa masu ɗaukar hoton namun daji ma da irin wannan buhu suke aiki.

Kafin magariba yaran gidan da na maƙwabta suka kewaye mu, suna tambaya ko da gaske rana za ta kama wata. Malaminmu ya ga dama ta samu. Ya shigar da su zaure, ya rufe ƙofa, ya ba wani yaro tocila ya ce, "Kai ne rana." Ya ba wata yarinya ƙwarya ya ce, "Ke ce duniya." Shi kuma ya riƙe lemon tsami a bakin tsinke, ya ce wannan shi ne wata. Aka haska ƙwarya, inuwarta ta miƙe a bayanta. Ya riƙa zagaya ƙwaryar da lemo sannu a hankali, har lemon ya shiga cikin inuwa ya yi duhu.

Ya ce musu, "Kun gani? Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Ranar da ya cika, wato sha huɗu ko sha biyar ga wata, rana tana wannan gefe, shi yana wancan, mu muna tsakiya. In ukun suka daidaita a kan layi ɗaya, sai inuwar duniya ta faɗa masa. Rana ba ta kusa da shi balle ta kama shi. Mu ne muka shiga tsakani."

Wata yarinya mai kaifin hankali ta ce, "To Kawu, ai kowane wata yana cika. Me ya sa ba kowane wata ake yi ba?" Malam ya ji daɗin tambayar. Ya sake zagayawa da lemon, amma wannan karon ya ɗan ɗaga shi sama, sai ya wuce ta saman inuwar bai taɓa ta ba. Ya bayyana musu cewa hanyar da wata ke bi a karkace take da wajen digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi wurin zagaya rana, saboda haka yawancin watanni yakan wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar. Baffa yana zaune a kan buzunsa yana saurare, bai ce komai ba sai da aka gama, sannan ya ce, "Ashe inuwarmu ce. Shekara saba'in ina ɗora wa rana laifi."

An fara

Wata ya fito jim kaɗan da kiran magariba, ta kudu maso gabas, cikakke, fari tas, a bayan wani gawo da ke tsakiyar gonar. Gawo kuwa, kamar yadda kowa ya sani, da damina yake kakkaɓe ganyensa, don haka rassansa tsirara suka zana kansu a fuskar watan. A yamma Zara tana ƙyalli. Daga hannun daman wata kuma ga wani jan tauraro mai haske ƙwarai, wanda Larabawa ke kira Mirriku, Turawa kuma Mars. A wannan mako ya matso kusa da duniya fiye da yadda ya yi tun 2003, tazarar da ke tsakaninmu da shi ba ta kai kilomita miliyan 58 ba.

Masana sun ce inuwa za ta fara cin wata da ƙarfe 7:24 agogon Kamaru. Muka ajiye agogo a kan tabarma. Minti ya cika, muka duba, sai ga gefen watan na ƙasa ya dushe kamar an shafa masa toka. Bayan minti goma babu sauran gardama: an gutsure shi. Bakin inuwar kuwa a lanƙwashe yake kamar bakin faifai, kuma da wannan ne mutanen da, tun zamanin Aristotal na Girka, suka kafa hujja cewa duniya a dunƙule take, domin abin da inuwarsa ba ta fita sai a zagaye ta kowace fuska, to ƙwallo ne.

Ba a jima ba muka ji ƙara ta tashi daga cikin gari. Yara ne suka fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni da murafan tukwane, suna kaɗawa suna zaga unguwa, suna roƙon rana ta saki wata. Goggo ta yi murmushi, ta ce su ma haka suka yi suna ƙanana, har sai da hannuwansu suka yi kanta. Al'adar tsohuwa ce ƙwarai. Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, waɗanda suka bi kogin Kwara har bakin teku, sun tarar da husufin wata a Busa a watan Satumba na 1830, suka ba da labarin yadda gari ya ruɗe da kiɗa da kururuwa, mutane suna cewa rana ce ke jan wata.

Kiɗan gwangwanin yara ba ya cutar da kowa. Amma rashin sani ya fi dare duhu, kuma yakan kai manya inda ba a so. Masu shekaru za su tuna abin da ya faru a Maiduguri a watan Janairu na 2001, sa'ad da wasu matasa suka ɗauka cewa zunubin wasu ne ya jawo husufi, suka fita suna ƙone-ƙone. Alhali kuwa an yi mana maganin wannan tun farko. A shekara ta 10 bayan Hijira rana ta yi husufi a ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu. Mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Manzon Allah, duk da baƙin cikin da yake ciki, ya gyara musu, ya sanar da su cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarce su da salla da addu'a da sadaka idan suka ga haka. Ba a ce mu nemi wanda za mu ɗora wa laifi ba. Inuwar da ke kan wata ta duniya ce gaba ɗayanta, da mu da gidajenmu da gonakinmu duk a cikinta muke.

Aikin kyamara

Ga wanda ke son gwadawa, ga abin da muka koya a kan turmin Goggo, yawancinsa ta hanyar kuskure.

Da farko mun bar kyamara ta zaɓa wa kanta komai, sai ta ba mu farin dunƙule kamar ƙwan fitila, babu ko alamar zanen da ke fuskar wata. Dalili shi ne tana ganin duhun sama ya yi yawa, sai ta buɗe ido fiye da kima. Cikakken wata abu ne da rana ke haskawa, daidai yake da dutse da tsakar rana. Sai ƙaninmu ya karɓe ragamar da hannu: ya sa lambar ISO, wato ma'aunin saurin jin haske, a kan 200, ya sa ƙiftawar kyamara ta zama kashi ɗaya cikin 250 na sakan. Nan take duwatsu da kwarurukan wata suka fito. Ya kuma kashe walƙiyar kyamara, domin haskenta ba ya wuce 'yan taku, balle ya kai ga abin da ke nesa da mu kilomita dubu ɗari huɗu da 'yan kai.

Abu na biyu, kada a bar kyamara ta nemi kaifin hoto da kanta, domin idan wata ya dushe sai ta riƙa kai da komo ba ta samu ba. Tun yana da haske ake saita kaifin da hannu, a bar shi a nan. Na uku, kada yatsa ya taɓa ta lokacin ɗauka. Akwai ɗan agogo a cikinta da ke jinkirta ɗauka da sakan biyu, shi ake sawa, a danna, a janye hannu. Na huɗu, wata ba ya tsayawa: cikin minti biyu yakan gusa da kimanin faɗin kansa, saboda haka dole a riƙa gyara zaman kyamara a kan buhu. Na biyar kuwa damina ce ta koya mana shi: raɓa takan kwanta a kan gilashi ba a sani ba, hoto ya yi hazo. Telanmu ya ciro ƙyalle mai laushi daga aljihu, ya zama aikinsa ke nan duk daren.

Masu wayar hannu kuma kada su yi fushi in suka ga wata ya fito musu kamar ƙwayar gero. Faɗinsa a sama rabin digiri ne kacal. Ƙaramin yatsa in aka miƙe hannu ya isa ya rufe shi. Dabarar ita ce a haɗa shi da wani abu na ƙasa, kamar itace ko hasumiyar masallaci, ko kuwa a manna idon wayar a bakin madubin hangen nesa. Kallon husufin wata da ido ba ya cutarwa ko kaɗan. Na rana ne ba a kallo sai da tabarau na musamman.

Hadari

Muna cikin wannan fama, wata yana ta raguwa, ya koma rabi, ya koma kamar jinjirin wata, ɓangaren da inuwa ta ci kuma ya fara yin ja. Baffa yana ganin farin da ya rage dishi-dishi, yana tambaya, "Saura yaya?" Da ƙarfe 8:30, daidai yadda aka faɗa, ɗan farin da ya saura ya mutu. Baffa ya ce, "To, ni kam ya ɓace mini." A daidai wannan lokaci ne kuma iska mai sanyi ta kaɗo, wani baƙin girgije ya taso daga gabas ya haɗiye wata da jan tauraron gaba ɗaya. Ba mu ɗauki ko hoto ɗaya na cikakken husufin ba.

Muka yi cirko-cirko a bakin turmi. Can nesa, ta wajen Lagdo, walƙiya tana wasa. Ƙaninmu kamar ya yi kuka. Sai muka ji muryar Baffa daga kan buzu: "'Ya'yana, tun da aka fara nake jin ku kuna lissafin lambobi. A cikinku wa ya yi ko raka'a biyu?" Kunya ta rufe mu. Ban da isha'i da muka yi a gurguje, babu wanda ya tuna. Shi kuwa da Goggo tun ɗazu suke yi.

Muka rufe kyamara da ƙwarya, muka yi alwala. A mazhabar Imamu Malik, wadda yawancin mutanen ƙasashenmu ke bi, sallar husufin wata ba a yin ta cikin jam'i. Haka Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala. Kowa yakan yi tasa, raka'a biyu-biyu kamar sauran nafiloli, da karatu a bayyane, har wata ya washe. Wasu mazhabobin, kamar ta Imamu Shafi'i, suna yin ta cikin jam'i da ruku'u biyu a kowace raka'a, kamar ta husufin rana, don haka in ka ji wani masallaci ya tara mutane, ba abin jayayya ba ne. Muka bazu a tsakar gida, kowa da tabarmarsa. Yaran gari ma sun gaji da kiɗa, babu abin da ake ji sai kwaɗi da muryoyin masu karatu daga gida-gida.

Wajen ƙarfe tara da kwata yarinyar nan mai tambaya ta ƙwala kira: "Kawu, ga shi!" Girgijen ya tsage. Abin da muka gani ba za mu manta da shi ba. Wata yana rataye kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ja mai duhu, tsakiyarsa kamar tsohuwar tukunyar ƙasa. Ya daina zama faifai, ya koma dunƙulallen abu mai jiki, har mutum ya ji kamar ya miƙa hannu ya ɗauko. Taurarin da haskensa ya ɓoye ɗazu duk sun fito, har da farin zirin nan da ke ratsa sama kamar hayaƙi. Jan tauraron yana gefensa, ya ma fi shi haske.

Wannan ja ba jini ba ne, ba kuma alamar fushi ba ce. Shafaƙi ne, irin wanda muke duba a yamma don sanin shigar isha'i. Hasken rana idan ya ratsa iskar da ke lulluɓe da duniya, shuɗin cikinsa yakan watse, jan ya wuce, ya lanƙwasa ya shiga cikin inuwa ya sauka a kan wata. Ke nan jan alfijir da jan magariba na duk garuruwan da ke gefen duniya a wannan sa'a, su ne suka taru a fuskarsa.

Ƙaninmu ya durƙusa gaban turmi hannunsa yana rawa. Lambobin ɗazu ba su da sauran amfani, domin hasken wata ya ragu ninki dubbai. Ya ɗaga ISO zuwa 1600, ya bar kyamara a buɗe sakan ɗaya. Na farko ya girgiza. Na biyu raɓa ta ɓata. Tela ya goge gilashi, kowa ya ɗauke numfashi. Na uku ya fito: jan wata sosai, ga tauraro a gefe. Agogo ya nuna 9:22, tsakiyar husufin ke nan.

Muka kai wa Baffa kyamarar, muka ƙara girman hoton har ya cika ɗan allon da ke bayanta, ya kawo shi dab da idonsa na dama, wanda ya fi gani. Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Subhanallahi. Shi ne. Amma wannan ya fi na shekarar da aka haifi babban yayanku haske. Wancan kam baƙi ƙirin ya yi, har muka ce ya tafi ke nan." Muka lissafa, shekarar 1992 yake nufi. Kuma gaskiyarsa: husufin 9 ga Disamba na 1992 yana cikin mafi duhu da aka gani a zamanin nan, saboda dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin da ya yi aman wuta a 1991 ya cika saman duniya da ƙura, ta tare jan hasken. Baffa bai taɓa jin sunan dutsen ba, amma ya ga aikinsa daga Ngong, ya kuma riƙe shi shekara ashirin da shida.

Da ƙarfe 10:13 farin haske ya ɓullo a gefen wata. Baffa da kansa ya fara cewa, "Ga shi nan ya dawo," domin wannan kam idonsa ya iya gani. Yara suka yi sowa a cikin gari, suna ganin kiɗansu ne ya yi aiki. Da 11:19 inuwa ta sauka gaba ɗaya. Ruwa bai zo ba sai da asuba.

Lissafi da alkawari

A hanyarmu ta komawa Garwa mun yi ta tunanin yadda aka yi ɗan Adam ya san waɗannan mintoci. Ilmin ba na jiya ba ne. Mutanen Babila sun gano cewa husufi yakan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da wajen sa'a 8. Wanda muka gani ɗan'uwan na 16 ga Yuli 2000 ne, magajinsa kuma zai zo ranar 7 ga Agusta 2036. Malaman Musulunci sun yi zurfi a wannan fanni. A shekarar 997 Albiruni yana garin Kas na ƙasar Khwarizm, Abul Wafa yana Bagadaza, suka yi alkawari su dubi husufin wata ɗaya, kowa ya rubuta sa'ar da ya gan shi. Daga bambancin sa'o'in suka fitar da tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu daga gabas zuwa yamma. Sanin lissafin bai rage wa ayar girma ba. Mu dai da muka zauna da agogo a kan tabarma muka ga inuwa ta iso a kan minti, tsoron Allah ya ƙaru mana ne.

An wanke hoton a Garwa, aka sa shi a gilashi, yana rataye a zauren Baffa har yau. A shekarar da ta biyo baya muka lallashe shi aka yi masa aikin ido, aka cire yanar, aiki na ɗan lokaci kaɗan wanda ya daɗe yana gudu. Ranar Lahadi 7 ga Satumba 2025 aka sake yin cikakken husufi, wata ya fito da magariba inuwa ta riga ta cinye yawancinsa. Mun sake zuwa Ngong, wannan karon da ƙafar kyamara a hannu. Baffa ya dube ta ya ce, "Ku ajiye wannan, ku zo ku zauna. Yau da idona zan gani."

Ga magidanta masu son shiri, lissafi ya nuna za a yi cikakken husufin wata ranar 31 ga Disamba 2028, inda a ƙasarmu zai fito da magariba yana cikin inuwa, da kuma ranar 20 ga Disamba 2029 wajen tsakar dare, wanda za a gani tun daga farkonsa har ƙarshe. Duka biyun da rani ne, babu fargabar hadari sai dai hazon hunturu. Ku rubuta ranakun a bangon ɗaki. Ku tanadi tocila da ƙwarya da lemo don yara, ku fitar da tsofaffi tsakar gida, ku fara da raka'a biyu kafin ku taɓa kyamara. In kuma akwai wani a gidan da idonsa ba ya kai wa sama, to shi ne ya fi cancanta a ɗaukar wa hoton.

Allah ya kai mu da rai da lafiya, ya sa mu cikin masu lura da ayoyinsa. Wassalamu alaikum.